Tambayoyi da Amsoshi kan Basira da Gwajin IQ

An tattara waɗannan tambayoyi ne daga abin da iyaye, malaman makaranta da ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam suke yawan maimaitawa duk lokacin da maganar auna basira ta taso. An fara da masu sauƙi. Kowace amsa tana tsayawa da ƙafarta, amma inda wata ta jingina da wata an nuna lambarta.

1. Me masana ke nufi da basira? Ita ce hankali?

A'a, kuma Bahaushe ya daɗe da raba su. Idan aka ce yaro ya yi hankali, ana nufin ya san girman na gaba, ya san abin da ya dace, ana iya aikensa ya dawo da saƙo daidai. Wayo kuwa sanin yadda za a tsira ne ko a ci riba, shi ya sa ba kullum yake zama yabo ba. Hikima da shekaru take zuwa. Abin da gwajin masana ke nema ya fi kusa da kaifin basira ko hazaƙa: saurin gane abu, gano alaƙar da ke tsakanin abubuwa, da warware matsalar da mutum bai taɓa gani ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan rabe-raben ba. A yammacin Kenya masu bincike sun tarar da kalmomi huɗu a bakin 'yan ƙabilar Luo: rieko, wato sani da ƙwarewa, luoro, ladabi da riƙon amana, paro, dabarar aiki, da winjo, fahimtar umarni. Ta farko ce kaɗai ta yi daidai da abin da jarrabawar makaranta ke aunawa. Saboda haka mutum zai iya samun maki mai yawa a gwajin IQ, kuma mutanen unguwarsu su ce ba shi da hankali, kowa da gaskiyarsa.

2. Wa ya fara gwajin, kuma don me?

Francis Galton ya buɗe ɗakin awo a Landan a 1884, yana auna ƙarfin damƙa, kaifin ido da saurin motsi, a zatonsa nan basira take. Hanyar ba ta ɓulle ba. Wanda ya dace shi ne Alfred Binet tare da Théodore Simon a Faransa a 1905. Aikin da ke gabansu na makaranta ne: a gano yaran da darasin aji ke wuce musu, domin a ba su taimako na musamman. Suka jera tambayoyi daga mai sauƙi zuwa mai wuya, daga baya suka lura da shekarun da yawancin yara ke iya amsa kowace. Binet da kansa ya yi gargaɗin kada a ɗauki sakamakon a matsayin abin da ba ya canzawa.

Da gwajin ya ƙetara Amurka sai manufa ta sauya. Lewis Terman na Jami'ar Stanford ya fitar da nasa a 1916, sannan a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka gwada sojoji kusan miliyan 1.75. An yi amfani da irin wannan maki wajen kafa hujjar hana wasu mutane haihuwa da ƙarfin doka, abin da kotun ƙolin Amurka ta amince da shi a 1927, kuma ya shafi mutum fiye da 60,000. Wannan tabo ne ya sa har yau wasu ke ɗari-ɗari da gwajin.

3. Lambar IQ me take nufi, kuma yaya ake samun ta?

Tsohon lissafin, wanda ya samo asali daga William Stern a 1912, shi ne a raba shekarun basira da shekarun haihuwa, a ninka da 100. Ɗan shekara 8 da ke amsa tambayoyin 'yan shekara 10 zai sami 125. Lissafin yana wargajewa a kan manya: mai shekara 40 bai ninka mai shekara 20 iya warware matsala ba, don haka sai a ga kamar basirarsa ta ragu da rabi. David Wechsler ne ya kawo gyara a 1939, kuma hanyarsa ake bi yanzu. Ana fara gwada mutane da yawa da aka zaɓo su wakilci al'umma (a gwajin yara na WISC-V, yara 2,200 ne a Amurka), a kira matsakaicin kowane rukunin shekaru 100, a mayar da tazarar da aka saba gani tsakanin mutane maki 15.

Da wannan tsarin, kusan kashi 68 cikin 100 na mutane suna faɗawa tsakanin 85 da 115, kashi 95 kuma tsakanin 70 da 130. Mai 115 ya wuce mutum 84 cikin 100 na sa'anninsa, mai 130 ya wuce kusan 98. Abin lura: lambar ba mudu ba ce da ake auna hatsi. Wuri ne a sahu. Mai 140 ba shi da ninkin basirar mai 70, kuma lambar ba ta da ma'ana sai an san sahun su wa aka tsayar da mutum. Amsa ta 10 da ta 11 duk a kan wannan suke.

4. Me ake yi a ɗakin gwaji?

Gwajin ƙwarai na mutum ɗaya ne da mai gwadawa ɗaya, a ɗaki marar hayaniya, yakan ɗauki awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Na Wechsler su ne suka fi yaɗuwa: WISC na 'yan shekara 6 zuwa 16, WAIS na 16 zuwa 90. An kasa WISC-V gida biyar. Akwai fahimtar magana, inda ake tambayar ma'anar kalmomi ko abin da ya haɗa abu biyu. Irin tambayar ita ce a ce me ya haɗa akuya da tunkiya: wanda ya ce dabbobi ne ya sami maki 2, wanda ya ce duk suna da ƙafa huɗu ya sami 1. Akwai gane siffofi, inda ake ba yaro 'yan tubala masu ja da fari, har zuwa tara, ya haɗa zanen da aka nuna masa ana duba agogo. Akwai gano ƙa'idar da ke ɓoye a jerin zane. Akwai riƙe abu a ka ana juya shi, kamar a karanto lambobi ɗaya bayan ɗaya, yaro ya maimaita, sannan ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Na biyar saurin aiki ne: kwafe alamomi cikin minti biyu.

Mai gwadawa ba ya magana da ka. Umarnin a rubuce yake kalma da kalma, an ƙayyade inda kowane rukunin shekaru zai fara, kuma ana tsayawa idan yaro ya faɗi tambayoyi kaɗan a jere. Kowane ƙaramin sashe ana mayar da makinsa kan ma'aunin da matsakaicinsa 10 ne, sannan a haɗa su a fitar da maki na kowane gida da kuma jimla. Rahoton da ya ba ka jimla kawai bai cika ba. Sau da yawa labarin yana cikin bambancin gidajen.

5. Basira ɗaya ce ko iri-iri?

Wannan ita ce tsohuwar muhawara. A 1904 Charles Spearman ya lura cewa yaron da ya yi fice a darasi ɗaya yakan yi dama-dama a sauran, ko da darussan ba su da kama. Ya ce akwai wani ƙarfi guda da ke ƙarƙashinsu duka, ya sa masa suna g. Louis Thurstone ya musa a 1938, ya ce iyawa bakwai ne daban-daban, amma da aka sake lissafi sai aka ga su ma bakwai ɗin suna tafiya tare. Raymond Cattell da ɗalibinsa John Horn suka raba ta biyu: basirar warware sabon abu, da basirar da aka tara ta hanyar koyo, kamar kalmomi da sanin duniya.

John Carroll ne ya sulhunta su a 1993, bayan ya sake nazarin sakamakon bincike fiye da 460. Ya fito da bene mai hawa uku: a ƙasa ƙananan iyawa masu yawa, a tsakiya manya kusan takwas (ciki har da biyun Cattell, ƙwaƙwalwar riƙo, gani, ji da sauri), a sama kuma g. Yawancin gwaje-gwajen yau a kan wannan tsari aka gina su. Shi g yana bayyana kusan kashi 40 zuwa 50 na bambancin da ake gani a makin mutane. Sauran rabin kuwa shi ne dalilin da za ka ga gwanin lissafi yana fama da insha'i.

6. To ina maganar basira iri takwas da ake koyarwa a kwalejojin ilimi?

Ta Howard Gardner ce. A 1983 ya lissafa bakwai: ta harshe, ta lissafi, ta siffofi, ta kiɗa, ta sarrafa jiki, ta fahimtar mutane da ta sanin kai, daga baya ya ƙara ta sanin halittu. Malamai suna son ta domin tana tunatar da su cewa yaron da ke baya a aji yana iya zama gwani a wani fage, kuma wannan tunatarwa ce mai kyau. Rauninta a wajen awo yake: ba ta zo da ingantaccen gwaji ba, kuma da wasu suka gwada sai yawancin rassan suka koma suna tafiya tare kamar yadda Spearman ya faɗa. Abin da ya fi rauni shi ne abin da aka liƙa mata, wai kowane yaro yana da salon koyonsa, na ido ko na kunne, kuma sai an bi shi zai gane. Bincike bai tabbatar da hakan ba.

Robert Sternberg a 1985 ya kawo kashi uku: nazari, ƙirƙira da dabarar rayuwa. Shi da abokan aikinsa sun gwada yaran karkarar Kenya kan sanin magungunan gargajiya, suka tarar waɗanda suka fi sani ba su ne suka fi maki a gwajin makaranta ba, har ma akasin haka aka gani. Ita kuwa basirar sarrafa motsin rai, Peter Salovey da John Mayer ne suka gabatar da ita a 1990. Akwai ta, ana auna ta, amma iƙirarin cewa ta fi IQ tasiri a komai ya wuce abin da hujja ta nuna.

7. Yaya ingancin makin yake? Ana iya kuskure?

Ana yi, kuma an san girmansa. A gwajin Wechsler kuskuren awo na jimla kusan maki 2 zuwa 3 ne, shi ya sa rahoton kirki ba ya cewa 92 kawai, sai ya ce tsakanin 87 da 97. Yara biyu masu 98 da 102 ba a ce ɗaya ya fi ɗaya ba. Maganar ba wasa ba ce: a 2014 kotun ƙolin Amurka ta hana jihar Florida ɗaukar maki 70 a matsayin tsayayyen layin da ke nuna wanda ke da naƙasar basira, wato wanda ba a zartar masa da hukuncin kisa, saboda wannan kuskuren awon.

Wannan idan komai ya tafi daidai ke nan. Abubuwan da ke ɓata sakamako sanannu ne: yaron da bai karya kumallo ba, ko yake da zazzaɓi, ko bai yi barci ba, kunnen da ba ya ji sosai ko idon da ke buƙatar tabarau, tsoron baƙo, musamman ga yaron da aka hore shi da sunkuyar da kai gaban manya, mai gwadawa da ke sassauta umarni don tausayi, ko yake kuskuren tara maki. Sai kuma sabo: wanda ya sake gwaji ɗaya cikin 'yan watanni makinsa yakan tashi, musamman a tubala da sauri, don haka akan jira kamar shekara guda.

8. Makin yana canzawa idan mutum ya girma?

Na ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara uku ba ya hasashen komai sosai. Daga shekarun firamare matsayin mutum a sahu yakan fara zama. A ranar 1 ga Yuni 1932 an gwada yara 87,498 'yan shekara 11 a Sikotilan. Bayan shekara 66 Ian Deary ya nemo wasu daga cikinsu ya sake ba su gwajin nan, alaƙar maki biyun ta kai 0.63 a ma'aunin da 1 ke nufin daidaito cikakke. Wannan babbar alaƙa ce, amma ta bar fili mai faɗi: wasu sun hau, wasu sun sauka.

Sassan biyu na amsa ta 5 ba tafiyarsu ɗaya ba. Sauri da warware sabon abu suna kai ƙololuwa a samartaka, sannan su riƙa raguwa sannu a hankali. Basirar da aka tara kuwa tana ci gaba da ƙaruwa har wajen shekara 60.

9. Gado ce ko tarbiyya?

Duka biyun. Binciken tagwaye a Turai da Amurka ya nuna gado yana bayyana kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin yara, ya haura 60 a tsakanin manya. A kula da abin da lambar ke nufi: bambanci ne a cikin jama'a guda da ke rayuwa cikin yanayi mai kama da juna, ba rabon basirar mutum ɗaya ba. Ka ɗebi irin gero daga buhu ɗaya, ka shuka rabi a gonar da ta sha taki, rabi a wadda ta gaji. A cikin kowace gona iri ne zai bambanta tsawon karan, amma bambancin gona da gona na ƙasa ne.

Abubuwan da ke danne basira da yawansu ana iya kauce musu. Ƙarancin sinadarin aidin, wanda ke kawo maƙoƙo, yana rage kusan maki 10 ko fiye a yankunan da ya yi tsanani, shi ya sa ake sa shi a gishiri. Tamowa da ƙarancin jini a shekaru biyun farko, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa, duk suna barin tabo. Gubar dalma ba ta da adadin da ba ya cutarwa. A 2010 ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, kuma yaran da suka tsira daga irin wannan guba su ne suka fi buƙatar a bibiyi karatunsu. Makaranta kuma tana ɗagawa: da Norway ta ƙara shekarun karatun dole daga 7 zuwa 9 a shekarun 1960, kowace shekarar da aka ƙara ta kawo kusan maki 3.7.

10. Gwajin da aka tsara a Amurka ko Ingila zai yi wa yaron Kano ko Maraɗi adalci?

Idan aka ɗauko shi yadda yake, a'a. Matsalar farko sahu ce (amsa ta 3): ana kwatanta yaron da yaran wata ƙasa. Ta biyu harshe ce, kuma fassara ba ta warware ta, domin kalmar da ke da wuya a Turanci tana iya zama ta yau da kullum a Hausa. Hatta maimaita lambobi bai tsira ba. Yawan abin da mutum ke riƙewa ya danganta da tsawon lokacin furta shi. An ga haka a yaran Wales, waɗanda suke riƙe lambobi kaɗan a harshensu fiye da a Turanci saboda sunayen lambobinsu sun fi ɗaukar lokaci. To daga ɗaya har tara, kowace lambar Hausa gaɓa biyu ce, alhali na Turanci gaɓa ɗaya ne in ban da bakwai.

Ana cewa a koma gwajin da ba magana a ciki, irin na John Raven na 1938, mai zane 60 da ake cike gurbinsu. Ya rage matsalar, bai kawar da ita ba, domin kallon zane a takarda ana neman ƙa'ida shi ma abin koyo ne. Robert Serpell ya sa yaran Zambiya da na Ingila su kwaikwayi siffofi: da fensir na Ingila suka fi, da waya na Zambiya suka fi, da yumɓu suka yi kunnen doki. Duk wanda ya ga yaran unguwa suna ƙera motar kara ko ta langa-langa ba zai yi mamaki ba. A Laberiya kuma an ba manoman Kpelle kaya su kasa, suka haɗa wuƙa da lemo domin da ita ake yanka shi. Da aka ce su nuna yadda wawa zai kasa, sai suka ware kayan aiki gefe, abinci gefe, wato amsar da mai gwajin ke jira.

Wannan ne ya sa jadawalin nan na IQ ɗin ƙasashe da ke yawo a intanet ba abin dogaro ba ne. Tushensa aikin Richard Lynn ne, kuma Jelte Wicherts da abokansa sun nuna a 2010 cewa alƙaluman Afirka an ɗebo su ne daga ƙananan rukunai da ba sa wakiltar kowa, aka kuma bar binciken da ya ba da maki mai yawa.

11. Gaskiya ne makin mutane yana ƙaruwa daga zamani zuwa zamani?

Gaskiya ne. James Flynn ya nuna a 1984 da 1987 cewa a ƙarni na 20 maki ya riƙa hawa da kusan 3 kowace shekara goma, kuma ya fi hawa a gwaji irin na Raven. An ga hawa mai sauri a yaran Embu na Kenya tsakanin 1984 da 1998. Gado ba ya canzawa da wannan gaggawa, don haka ana danganta abin da makaranta, abinci, lafiya da raguwar yawan 'ya'ya a gida. A Norway hawan ya tsaya, ya fara sauka ga waɗanda aka haifa bayan 1975.

Amfanin sanin haka a aikace: tsohon gwaji yana kumbura maki. Wanda aka daidaita shekara 20 da suka wuce zai iya ƙara wa yaro kusan maki 6, ya mayar da 67 ta zama 73, a hana shi taimakon da ya cancanta. Ka tambayi bugu na nawa aka yi amfani da shi.

12. Yarona yana da hadda ƙwarai amma lissafi ya gagare shi. Yaya ke nan?

Ba abin mamaki ba ne. Riƙo gida ne mai zaman kansa a benen Carroll (amsa ta 5), kuma horo yana ƙarfafa shi a fagen da aka yi horon. A wani bincike na 1980 a Amurka, wani ɗalibi ya yi ta atisaye har ya kai riƙe lambobi kusan 80 a jere, amma da aka ba shi haruffa sai ya koma wajen shida kamar kowa. Hadda shaida ce ta naci da iya mayar da hankali, amma lissafi sai an koyar da shi daban. Idan kuma yaro yana da kaifi a magana amma karatu ko lissafi kaɗai ya tsaya masa duk da koyarwa mai kyau, a duba matsalar koyo ta musamman. Dukan yaro ba ya maganinta.

13. Yaushe ya kamata a kai yaro gwaji, kuma wurin wa?

Idan ya yi jinkirin magana ko tafiya sosai, ko yana maimaita aji ba ci gaba, ko karatunsa ya faɗi bayan sanƙarau, farfaɗiya ko buguwar kai. A fara da gwajin ji da gani, domin su ne mafi arha kuma sukan warware zancen. Daga nan sai masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda ake samu a asibitocin koyarwa da asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya irin na Kaduna, Kware da Maiduguri. A je da katin sakamakon makaranta da tarihin haihuwa da rashin lafiya.

Ba a cewa yaro yana da naƙasar basira da maki kaɗai. Sai abu uku sun haɗu: maki wajen 70 ko ƙasa, gazawa a harkokin yau da kullum kamar sa tufafi, zuwa aike da ƙirga canji, sannan abin ya faro tun yarinta. Saboda abin da aka faɗa a amsa ta 10, sharaɗi na biyu ya fi nauyi a wurinmu.

14. Gwajin IQ na waya da manhajojin wasa ƙwaƙwalwa fa?

Na waya ba su da sahun da aka sani, ba mai lura da yadda aka amsa, kuma da yawansu suna ba da maki mai daɗin ji ne domin a biya kuɗin takardar shaida. A ɗauke su wasa. Manhajojin horo kuwa suna sa mutum ya ƙware a wasan kansa. A 2010 an gwada mutum 11,430 a Birtaniya na mako shida, suka inganta a abin da suka yi atisaye a kai, amma ribar ba ta ƙetara zuwa wasu ayyukan ba. A 2016 kamfanin da ya yi manhajar horo ta Lumosity ya amince ya biya dala miliyan 2 ga hukumar kare masu saye ta Amurka saboda tallan da ba shi da hujja. Maganar kunna wa jarirai kiɗan Mozart ma daga wani ƙaramin gwaji na 1993 ta fito, wanda aka yi a kan ɗaliban jami'a, kuma tasirin bai wuce minti 15 ba.